Mita Ɗaya Daga Bakin Iyaka

A ajin lissafi an koya mana cewa layi yana da tsawo amma ba shi da faɗi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Bici ya san wannan magana a kan allo ta tsaya. Iyakar gona a wajenmu tana da faɗi, tana ma da saiwa. A wani wuri jerin gamba ce mai kaurin taki guda, a wani wuri shingen aguwa ne, a wani wurin kuma ɗorawa ce da kakannin gida biyu suka yarda ita ce shaida. Ba kasafai rigimar da ke raba zumunci take tasowa daga tsakiyar gona ba. A cikin ɗan faɗin nan take kwana.

Mu da abincinmu yake wajen rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ɗabi'a da abokai ke yi mana dariya a kanta: karanta littattafan dokokin wasanni, har da wasannin da ba mu taɓa bugawa ba. Dalili shi ne dokar wasa ita ma manhaja ce, sai dai mutane ne ke aiwatar da ita, mutanen da suka gaji, suke zufa, kowa yana son ya ci. Dokar da ta jure wannan ta cancanci a yi mata karatun nutsuwa. Ta haka muka faɗa kan wani wasa da Turawa ke kira disc golf, wanda mu a tsakaninmu muke ce wa jifan faifai.

Wasan ɗan'uwan ƙwallon lambu ne, wato golf, amma babu sanda babu ƙwallo. Faifan roba ake jefawa, mai faɗin da bai gaza santimita 21 ba, nauyinsa kuma bai wuce giram 200 ba. A maimakon rami akwai kwandon ƙarfe a kan sanda, an rataya masa sarƙoƙi don su tare faifan ya faɗa ciki. Yawanci fili yana da kwanduna 9 ko 18, kuma wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. An kafa filin farko na dindindin a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1975, a ƙarƙashin jagorancin Ed Headrick, wanda kuma ya kafa ƙungiyar wasan, PDGA, a 1976. Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda ake buga shi. Ba a katange filin kamar na ƙwallon ƙafa. A cikin lambunan shaƙatawa ake yi, da bakin tafki, da gefen titi, da bayan katangar mutane. Wasa ne da ke zaune a tsakiyar haƙƙin wasu, kamar yadda kowace gona take a Bici. Don haka dole masu dokarsa suka zauna suka amsa tambayoyi uku: yaushe ne za a ce faifai ya fita, mene ne hukuncin wanda ya fitar, kuma daga ina zai ci gaba.

Amsar ta farko ta ba mu sha'awa. Kafin a fara, mai kula da gasa yana bayyana wuraren da aka hana: titi, ruwa, ƙetaren shinge, ko duk abin da ke bayan wata igiya. Layin kansa ana lissafa shi cikin waje. Amma ba a cewa faifai ya fita sai in wajen ya kewaye shi gaba ɗaya, a fili ba tare da kokwanto ba. In ɗan gefensa ya taɓa cikin fili, ko da faɗin farce ne, yana ciki.

Kowane wasa yana da nasa zaɓin a nan. A ƙwallon ƙafa layi na cikin fili ne, faɗinsa bai wuce santimita 12 ba, kuma ƙwallo ba ta fita sai dukanta ta ƙetare. Masu kallon gasar cin kofin duniya ba su manta da ranar 1 ga Disamba 2022 ba, lokacin da Kaoru Mitoma na Japan ya ciro ƙwallo daga bakin layi a wasansu da Sifaniya, Ao Tanaka ya zura ta. A hoton talabijin ta fita, amma da aka duba daga sama, ɗan cikinta yana rataye a kan layi. Japan ta ci 2 da 1, Jamus ta tattara kayanta ta koma gida duk da ta doke Kosta Rika a daren. A ƙwallon kwando kuwa, ka taka layi ka fita. Haka ma 'yar gala-gala da ƙannenmu mata ke yi a ƙofar gida: dutse ya hau zane, kin faɗi. Babu wanda ya fi wani gaskiya a cikin waɗannan. Abin da ya haɗa su shi ne an yanke maganar tun kafin a fara wasa, lokacin da ba wanda ya san ko shi za ta faɗa wa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma mun san wannan tun muna yara, ko da ba mu da littafi. Filin ƙwallonmu gona ce. Da an girbe dawa an kwashe kara, sai mu share kututture mu kafa raga da sanduna biyu, mu yi ta bugawa har ruwan farko ya sauka mai gona ya kore mu. Filin ba shi da siffar kirki, don haka kowane gefe da dokarsa. In ƙwallo ta shiga gonar rogo da ke gabas, ta fita, jifa na abokan karawa ne, kuma mutum ɗaya ne zai shiga ɗauko ta, a hankali, ta tsakanin kunya. In ta faɗa gidan mutane, wanda ya buga shi zai je ya yi sallama, in an yi faɗa shi zai sha. In ta maƙale a ƙarƙashin ƙayar da aka tara a gefe, babu laifin kowa, a jawo ta taki biyu a ci gaba. In jaki ko mai tura kura ya ratso fili, a tsaya, a sake daga inda aka tsaya. Ba mu san muna rarrabe wani abu ba, amma mun rarrabe tsakanin fitar da ke da hukunci da cikas ɗin da ke buƙatar sassauci kawai.

Wannan rarrabewar ce littafin jifan faifai ya tsara da kyau. Wanda faifansa ya fita ana ƙara masa jifa ɗaya a lissafinsa, sannan ya zaɓa: ko ya sake jefawa daga inda ya tsaya da farko, ko ya koma inda faifan ya ƙetare iyaka ya shigo ciki har zuwa mita 1, ko ya tafi wani wuri da mai gasa ya tanada don haka, in an tanada. Shi ke nan. Ba a korarsa, ba a tuna masa a kwando na gaba. Akwai kuma wurin da ake kira mai haɗari, inda za a ci ka tarar jifa ɗaya amma ka jefa daga inda faifan ya kwanta. Akwai wurin da ba a son a taka, kamar inda aka dasa sababbin itatuwa ko ake gyara, wanda za ka fito daga ciki kamar wanda ya fita amma babu tara. Akwai ruwan sama da ya taru a fili, wanda za ka ja da baya ka kauce masa kyauta. In kuma kai ne ka ga wurin da faifanka ya faɗa bai yi maka ba, kana iya ja da baya bisa layin jifa, ka biya da jifa ɗaya. In faifai ya ɓace, minti 3 ake nema, daga nan a ci tara a sake jifa.

Dokar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ta mita ɗaya. Ko faifanka bai fita ba, in ya kwanta kusa da iyaka, kana da damar matsowa ciki har mita 1 ba tare da tara ba, ko da matsowar ta kusantar da kai ga kwando. Da farko za ka ɗauka tausayi ne. Sai ka karanta wata dokar a wani babi, wadda ta ce lokacin jifa dole duk inda jikinka ya dogara ya kasance a cikin fili. To mutumin da faifansa ke manne da shinge, a ina zai sa ƙafa? In ba a ba shi mitar nan ba, ko dai ya kasa jifa, ko ya taka abin da aka hana. Ashe sassaucin shi ne abin da ya sa ake iya bin dokar. Yana kare mai jifa, yana kuma kare wanda ke bayan shingen, don ba za a tattake masa shuka ba.

A sana'armu, bakin iyaka shi ne inda manhaja ta fi mutuwa. In ka tanadi gurbi 10, kwamfuta tana ƙirga su daga 0 zuwa 9. Ranar da ka nemi gurbi mai lamba 10, ka miƙa hannu cikin gonar wani. Ranar 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga abin da hakan ke jawowa. Wani sabuntawa da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura ya nemi bayani na 21 a inda 20 kawai aka tanada. Kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka ɗauke, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci. Darasin da duk mai rubuta manhaja ya ɗauka bai tsaya ga a guji ƙetare iyaka ba, domin wata rana sai an ƙetare. Tambayar da ake yi wa manhaja mai kyau ita ce, in an ƙetare me za ta yi? Za ta faɗi ne ta ja kowa, ko an riga an rubuta mata inda za ta koma ta ci gaba?

Ita ce tambayar da ke gaban ƙasarmu. Daga Badume zuwa Saye, daga Ɗanzabuwa har iyakar Bagwai da Tsanyawa, da wuya ka sami taki ashirin na ƙasa da ba shi da mai shi. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki na kewayen Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba a barinta ta huta, taki da bishiyoyi da dabbobi ne ke riƙe da ita. Tsari irin wannan ba ya tsayuwa sai da ƙa'idojin iyaka masu kyau, kuma iyayenmu suna da su. Burtali shi ne babban misali: hanya ce da aka bari tsakanin gonaki, aka shinge ta hagu da dama, don shanu su wuce zuwa mashaya ba su taɓa shuka ba. Manomi ya bar wani abu daga ƙasarsa don makiyayi ya sami inda zai sa ƙafa. Mita ɗayar nan ce, da girmanta.

Hukuncin ɓarna ma an rarrabe shi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garinmu, ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu dabbobin, ta rana kuwa ba a ɗora musu ita, domin da rana ana sa ran mai gona yana lura da abinsa. Malamai suna da bayanai da sharuɗɗa a kan wannan, amma ginshiƙin a bayyane yake: ana duba yadda aka fita kafin a yanke abin da za a biya. A aikace kuma mun ga yadda mai unguwa ke aika dattawa biyu ko uku su duba ɓarna, su ƙiyasta dami nawa ne, a biya, a yi musabaha. Tara ce mai iyaka, bayanta kuma makiyayi ya ci gaba da bin hanyarsa.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne yadda faɗin nan ke ƙanƙancewa. Gado yana raba gona kashi shida, bakwai, kowane kashi da sababbin iyakoki huɗu. Garmar shanu ko tarakta ta ci gamba a juyi ɗaya. Wani ya ƙara kunya ɗaya cikin burtali bana, na ɗaya gefen ya ga haka ya ƙara tasa baɗi, kafin shekara goma hanyar da garke ke bi ta koma turbar da akuya biyu ba sa gittawa. Daga nan duk saniyar da ta bi sai ta yi ɓarna, don an cire mata wurin tsayawa, sannan a ce makiyayi ya karya doka. A bakin titin Kano zuwa Katsina kuma gonaki na komawa fulotai, mai saye ya zo daga birni ya kafa ginshiƙan siminti, layi mara faɗi irin na littafin lissafi. Gonar da muka buga ƙwallo a cikinta yanzu tubalan bulo ne a jere.

Mun taɓa ganin yadda ake kashe irin wannan wuta a gidanmu. Wata shekara, ana dab da shuka, baffanmu da maƙwabcinsa na gona suka saɓa a kan kunya biyu. Gambar da ke tsakaninsu wuta ta cinye ta da rani. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi, 'yar maƙwabcin tana aure a gidanmu, da 'ya'yanta uku. Aka tafi wajen mai unguwa. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, tun zamanin mahaifinmu daga gindin markenan iyaka take." Maƙwabcin ya ce, "Allah ya ba ka nasara, marken a cikin gonata yake, ni nake sassabe shi." Mai unguwa ya dubi sama, ya ga hadari ya haɗo, ya ce, "Malamai, ruwa ba zai jira shari'arku ba. Kowa ya shuka inda ba shi da shakka. Kunya biyun nan a bar su haka. In an yi girbi lafiya, dattawa za su taka." Aka yi girbi, dattawa suka taka, amma kafin nan yaran gidajen biyu sun mai da wurin hanyar kai abinci gona. Babu wanda ya sake neman a raba. Har yau turba ce.

Da muka karanta littafin jifan faifai sai muka tarar da dabarar mai unguwa a ciki. A yawancin wasannin babu alƙali da ke bin 'yan wasa. Rukunin da ke tafiya tare, abokan hamayyar juna, su ne ke duba faifai su ce ya fita ko bai fita ba. In sun rabu biyu, ana ɗaukar fassarar da ta fi sauƙi ga mai jifa. In kuma gardama ta ƙi ƙarewa, ba a tsayar da wasa. Mai jifa yana iya buga duka hanyoyin biyu, a rubuta sakamakon kowacce, a kai wa mai gasa ya zaɓi ta gaskiya daga baya. Hikimar ita ce wanda ya tsananta wa abokinsa a kwando na 3 ya san faifansa na iya kwanciya a bakin ruwa a kwando na 11, kuma mutanen nan dai su ne za su duba. Zaman ƙauye ke nan. Wanda ka ƙi yi wa rangwame a kan kunya bana, shi ne akuyarka za ta shiga wakensa baɗi.

Shekarun baya an ba mu aikin rubuta manhajar auna gonaki don wani shirin rancen noma. Jami'i zai zagaya gona da waya a hannu, tauraron ɗan'adam yana nuna inda yake, manhaja ta zana taswira. Masu aikin suna son amsa iri biyu kawai: wannan wuri na wane ne, ko ba nasa ba ne. Muka shaida musu cewa wayar hannu, ko a sarari babu bishiya, tana iya kaucewa da kusan mita 5, alhali kunyar da ake kai ƙara a kanta ba ta kai mita ɗaya ba. Taswira mai kyan gani da aka buga a takarda da tambari tana iya shiga hannun wani ya kai ta kotu, ta zama makami a kan maraya. Bayan doguwar muhawara aka yarda muka sa amsa ta uku. Duk inda zanen gonaki biyu ya matso juna ko ya hau juna, manhajar ba ta ba kowa. Tana shafa wa wurin launin toka, ta rubuta cewa a je a gani da ido tare da maƙwabta. A duk layukan da muka rubuta a wannan aiki, babu wanda muka fi alfahari da shi kamar wanda ya koya wa na'ura ta yi shiru a bakin iyaka.

Ba muna cewa a kawo kwanduna da sarƙoƙi Bici ba, ko da yake duk yaron da ya taɓa wurga murfin bokiti ya ga yadda yake shawagi ya riga ya san daɗin wasan. Abin da muke so mu ɗauka ya fi haka sauƙi. Dattawan da suka san wace ɗorawa ce shaida suna ƙarewa, mu kuma da za mu gada muna Kano da Abuja da Legas, mun fi sanin taswirar waya a kan gonar gidanmu. Kafin ruwan bana ya sauka, lokacin da zukata ke kwance kuma ba a san wanda hukunci zai faɗa wa ba, ya kamata mu je gida mu nemi baffanni da maƙwabta a taka iyaka tare. A ɗauki hoto, a rubuta, a sa hannu gaban mai unguwa. A sake dasa gamba da aguwa inda suka mutu. A faɗi a fili abin da za a biya in dabba ta shiga, da abin da za a yafe. Inda burtali ya tsuke, kowane gefe ya mayar da kunyar da ya ci. In kuma ana yanka fulotai, a ware wa yara wuri guda da za su kafa raga, domin a can ne za su fara koyon cewa ana iya fita, a biya, a dawo fili a ci gaba da wasa da mutanen da aka saɓa da su.